Sunan Malam da sunan Jibo: inda ake tunawa da jagororin talakawa, daga Kano zuwa Yamai



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maigatari ya ratsa Gumel ya shiga Kano, da wuya a ce bai ci karo da sunan Malam Aminu Kano ba. In jinya ta kai ka, a ce maka asibitin Malam. In jirgi za ka shiga, filin jirgin ma sunansa ne. Haka wanda ya je Yamai a 'yan shekarun nan zai tarar da babban titi mai sunan Jibo Bakari. To amma in ka tsayar da saurayi a tasha ka tambaye shi su wa ke nan, kuma me suka yi har aka sa wa wurare sunansu, sau da yawa sai ya yi murmushi ya ce ai manya ne na da. Wannan ne ya sa muka tattara muku bayani wuri guda: su wane ne, ina da ina ake tunawa da su, kuma me ya haɗa su da mu nan bakin iyaka.

Kalmar da ta haɗa su: Sawaba

A Hausar yau da kullum, sawaba ita ce sauƙi bayan wahala. Marar lafiya in ciwo ya lafa, ya samu sawaba. Wannan kalma ce 'yan siyasar talakawa suka ɗauka ta zama kirarinsu.

Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma a cikin shekarar ta fitar da takardar manufofinta da aka sani da sunan Sawaba. Abin da takardar ta tsaya a kai shi ne, al'ummar Arewa ta rabu biyu, masu mulki da talakawa, kuma talaka ba zai fita daga ƙangi ba sai ya samu bakin magana a kan yadda ake mulkinsa. Bayan 'yan shekaru, a wannan gefe namu, jam'iyyar Jibo Bakari ita ma ta shahara da sunan Sawaba. Turawan da ke mulki biyu ne, Ingila can, Faransa nan, amma kukan ɗaya ne: haraji, aikin dole, da shari'ar da talaka ba ya da ta cewa a cikinta. Dattawa na tuna alamomin: NEPU tauraro, Sawaba ta Nijar raƙumi, RDA kuma giwa.

Wane ne Malam Aminu Kano?

An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatun allo da na ilimi a gida, ya yi boko a Kano da Kwalejin Kaduna, sannan ya fara koyarwa a makarantar midil ta Bauchi a 1942. A can ne ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Ya je ƙaro karatun koyarwa a Landan a 1946, ya dawo ya taimaka wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, ya kuma shugabanci makarantar horar da malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga siyasa gaba ɗaya, a 1953 ya zama shugaban NEPU.

Abubuwan da ya yi ta nanatawa ba su da wuyar fahimta. Kada a ɗaure mutum ba tare da shari'a ta gaskiya ba. Kada a sa talaka noman gandun wani ba lada. A rage nauyin haraji da jangali. A sa yara mata makaranta, a ba mata ƙuri'a. Da yake malami ne, daga cikin Alƙur'ani da rubuce-rubucen malaman jihadin Sakkwato yake kawo hujjarsa, shi ya sa ya yi wuya a ce masa baƙon tunani ya kawo. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a hannun hukumar En'e, wasu sun rasa gonaki, wasu sun bar garuruwansu.

A 1959 an zaɓe shi majalisar wakilai ta tarayya. Zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya. A 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnonin jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnatocin nan biyu suka soke haraji da jangali. Ku tuna fa, a lokacin ba a yi Jigawa ba, sai a 1991 aka cire ta daga Kano. Ke nan maƙwabtanmu na Maigatari da Gumel da Babura suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai a 1976 suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, shekara ashirin bayan dokar 1956 da ta ba kowa, mace da namiji, ƙuri'a a nan Nijar.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓen wannan shekara, bayan ya ɗauki mace a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa. Abin da har abokan hamayyarsa suka shaida shi ne, duk da muƙaman da ya riƙe, bai tara dukiya ba.

Wuraren da ke ɗauke da sunansa

Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne gidansa na Gwammaja a Kano, wanda ake kira Gidan Mambayya. A cikin gidan aka binne shi. Tun shekarar 2000 wurin ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Akwai ɗakin adana kayansa da hotuna, akwai ɗakin karatu, akwai babban zauren taro mai sunan Sa'adu Zungur. Kowace shekara, lokacin zagayowar ranar rasuwarsa, ana yin taron lacca don tunawa da shi.

Na biyu shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988. Nan ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, kuma mutanenmu da yawa sun san ƙofarsa, don in ciwo ya gagara a gida, Kano na cikin wuraren da ake nufa.

Na uku, filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Sai kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci ta Kano, ita ma da sunansa ake kiranta. Akwai titin Aminu Kano a cikin Kano, akwai wani a unguwar Wuse ta Abuja. A Dutse, babban birnin Jigawa, dandalin da ake manyan tarurruka sunan Malam gare shi.

Bayan waɗannan akwai tunawar da ba gwamnati ce ta yi ta ba: hotonsa da farar riga da jar dara a shagunan tela da jikin motocin haya, da waƙoƙin siyasa da tsofaffi ke rerawa har yau, da yaran da iyayensu suka raɗa wa Aminu saboda shi.

Waɗanda suka yi tafiyar tare da shi

Hajiya Gambo Sawaba, haifaffiyar Zariya a 1933, tun tana yarinya ta shiga NEPU har ta shugabanci reshen mata. Ta yi yaƙi da auren dole da aurar da ƙananan yara, ta nemi a ba mata ƙuri'a. An ɗaure ta fiye da sau goma, an doke ta, amma ba ta bari ba. Ta rasu a 2001. Yau babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta gare shi, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero.

Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, ya rasu a 1958, bai ga 'yancin kan Najeriya ba. Bayan zauren Mambayya, jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau yanzu da sunansa ake kiranta.

Wane ne Jibo Bakari?

An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malaman lakwal da ma'aikatan Afirka ta Yamma, ya dawo ya zama mushe. Kamar Malam, shi ma ajiye alli ya yi ya shiga gwagwarmaya. Ya fara a jam'iyyar PPN-RDA, daga baya ya raba gari da ita, ya duƙufa wajen haɗa sandikar ma'aikata, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Ƙarfinsa yana wurin ƙananan mutane: direbobi da yaran mota, leburori, ƙananan 'yan kasuwa, da manoman gyaɗa. Damagaram da Maraɗi na cikin wuraren da Sawaba ta fi kafuwa. Marubucin nan Abdullahi Mamani, wanda ya rubuta littafin Sarauniya, ɗan Sawaba ne da ya wakilci Damagaram a majalisa.

A 1956 Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko a Nijar. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Janar De Gol ya kira: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ɗauki 'yanci nan take. Jibo ya ce a jefa "a'a", kamar yadda Seku Ture ya ce a Gini. Hukumar mulkin mallaka ta tsaya da ƙarfinta a bayan "i", sarakuna da yawa suka juya masa baya, sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kusan kashi 78 cikin ɗari. Jibo ya sauka, Jori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali, daga baya Gana.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi ciwo. A 1964 'yan Sawaba da suka samu horo a waje suka shigo da makamai ta iyakoki da dama, har da ta Najeriya, don kifar da gwamnati. Yunƙurin bai yi nasara ba. An kashe wasu, an harbe wasu a bainar jama'a, an cika gidajen kaso. A Afrilun 1965 aka jefa gurneti a filin Idin Babbar Salla a Yamai da nufin kashe Shugaba Jori, ya tsira. A waɗannan shekaru Kano ta zama mafakar 'yan Sawaba da yawa, kuma 'yan NEPU sun karɓe su.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974, Jibo ya dawo gida, amma a 1975 aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da dimokuraɗiyya ta dawo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ya samu ƙuri'u kaɗan, Mahamman Usman ɗan Damagaram ya ci. Jibo ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Yadda sunan Jibo ya dawo bainar jama'a

Shekaru da dama ambaton Sawaba a fili abin tsoro ne a ƙasar nan. Manyan wurare sun ɗauki sunayen wasu: filin jirgin Yamai na Jori Hamani, babban filin wasa na Seyni Kunce, gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama, jami'ar Yamai ta Abdu Mumuni. A Damagaram muna da lise mai sunan Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya yi tsayayya da Faransawa a ƙarshen ƙarni na 19.

Zamanin Shugaba Mahamadu Isufu aka sa wa kadarkon Fariye, wanda ya ƙetare kogin Isa a kan hanyar Tera, sunan Jibo Bakari. Sannan ranar 15 ga Oktoba 2024 hukumomin soja suka sauya sunayen wasu wurare a Yamai. Titin da ke ɗauke da sunan De Gol ya koma titin Jibo Bakari. Kun ga yadda duniya ke juyawa: sunan wanda ya kira ƙuri'ar 1958 ya sauka, sunan wanda ya ce "a'a" ya hau. A rana guda aka cire hoton Bafaranshen nan Monteil daga wani dandali aka sa na Toma Sankara na Burkina Faso, aka kuma mayar da dandalin Farankofoni ya zama na ƙawancen ƙasashen Sahel.

Me ya sa ba mu cika ganin mutum-mutumi ba?

'Yan'uwanmu da ke Amurka sun san yadda ake tunawa da Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata da aka harbe a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968. An sassaƙa siffarsa a dutse mai tsawon kusan mita 9 a Washington, aka buɗe wurin a 2011. Akwai ɗaruruwan tituna da sunansa. A 1983, shekarar da Malam ya rasu, aka sa hannu a dokar da ta ware Litinin ta uku ta watan Janairu a matsayin hutun ƙasa don shi, aka fara hutun a 1986. A Afirka ta Kudu an kafa mutum-mutumin Nelson Mandela a fadar gwamnati ta Pretoriya a Disambar 2013, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 18 ga Yuli a matsayin ranarsa.

A ƙasar Hausa ba kasafai ake bin wannan hanya ba. Malamanmu ba su yarda da sassaƙa siffar mutum ba, kabari ma ba a son a ƙawata shi. Saboda haka girmamawa ta bi ta wajen suna da abin amfani: asibiti, makaranta, hanya, rijiya, ko a raɗa wa jariri sunan mutum, ko a yi masa addu'a. Akwai hikima a ciki, don asibitin da ke karɓar marar lafiya kullum ya fi dutse aiki. Amma akwai rauni kuma. Suna yana gogewa a baki. Mai kabu-kabu zai kai ka wurin sau ɗari bai taɓa jin labarin mai sunan ba, tunda ba allon da ya yi bayani.

Gardamar da ke biyo bayan sa suna

Ba kowa ne ya yarda a kan mutanen nan ba, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Akwai gidajen sarauta da ke ganin NEPU ta zubar da mutuncin manya. A cikin PRP kanta an rabu tun Malam na da rai, aka samu 'yan Taɓo da ke tare da shi da 'yan Santsi da suka bi gwamnoni. A nan Nijar, akwai iyalan da 'yan Sawaba suka kashe wa mutum a 1964, akwai iyalan da gwamnatin lokacin ta ɗaure ko ta kashe wa mutum. Wani lokaci gida ɗaya ne, wa yana giwa, ƙane yana raƙumi. Sa sunan Jibo a titi bai warkar da wannan ba, kamar yadda sunan Jori a filin jirgi bai warkar ba.

Abu na biyu, sunan da gwamnati ta sa, wata gwamnatin na iya cirewa. Abin da ya faru da sunan De Gol ya nuna haka.

Abu na uku, kuma shi talaka ya fi tambaya: in asibiti na ɗauke da sunan mai kare talaka, shin talaka na samun magani a ciki ba tare da ya sayar da akuyarsa ba? In makaranta na da sunan wadda ta yi yaƙi don karatun mata, yara mata nawa ke gama ta? Duk ɗan siyasa na iya sa jar hula ya yi hoto a Mambayya. Abin dubawa shi ne me ya yi da ya samu kujera.

Ranakun da ya kamata a riƙe

8 ga Agusta 1950: kafa NEPU a Kano.
28 ga Satumba 1958: ƙuri'ar "i" ko "a'a" a Nijar.
1959: haramta Sawaba.
3 ga Agusta 1960: 'yancin kan Nijar.
1979: soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna.
17 ga Afrilu 1983: rasuwar Malam Aminu Kano.
16 ga Afrilu 1998: rasuwar Jibo Bakari.
15 ga Oktoba 2024: titin De Gol ya koma titin Jibo Bakari.

Abin da ya rage gare mu

Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magariya. Garuruwanmu na girma, ana yanka sababbin unguwanni, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, kuma duk za su buƙaci suna. In lokacin ya zo, ya kyautu majalisun garuruwanmu su tambayi jama'a, su kuma sa ɗan allo da Hausa, boko da ajami, mai faɗin wane ne mai sunan da abin da ya yi.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar lokacin ƙuri'ar 1958, yau ya haura tamanin. Su ne suka ga yadda aka jefa ƙuri'ar a ƙauyukanmu, suka san wa ya tsallaka Najeriya cikin dare, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Muna roƙon matasa, wanda ke da kaka ko tsohon maƙwabci, ya zauna da shi bayan sallar isha, ya nemi izininsa, ya ɗauki muryarsa a waya. A bar shi ya faɗi nasa, ko ɗan giwa ne ko ɗan raƙumi. 'Yan'uwa na Kano, in kun samu sarari ku kai yaranku Gwammaja su ga gidan Malam da idonsu. Na Yamai kuma, in kun bi ta titin Jibo da yaro a gefenku, ku gaya masa ko wane ne.

Wanda ke da labari ko tsohon hoto ko katin jam'iyya da ya gada, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.